Tsanin Matiyu

Shekara goma sha shida na yi ina riƙe wa Matiyu tsani. Shi yana sama yana wanke gilashin tagogin mutane, ni ina ƙasa, ƙafata ɗaya a kan matakin farko, hannuwana biyu a jikin katako. Da za a ce in faɗi kamanninsa, da tafin ƙafarsa zan fara, don shi na fi gani.

Mutumin ƙasar Tangale ne, daga wani ƙauye bayan Billiri. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga dariya ba wuya. Ya shigo Gombe yana saurayi, ya yi leburanci a gidan gurzar auduga, daga nan ya samu aikin shara a wani ofis. Da aka ba Gombe jiha, benaye suka fara tashi, kowa na so gaban gininsa ya zama gilashi. Matiyu ya duba ya ga ana ta sa gilashi amma ba mai wankewa. Sai ya je wurin kafinta ya sa aka yi masa dogon tsani mai mataki ashirin da biyu, ya sayi bokiti biyu, ya ajiye tsintsiya.

Ni sunana Bamanga. Kiwo na taso na sani. Ciwon huhu ya shiga garkenmu a damina ɗaya, abin da ya rage bai isa a kira shi garke ba, na kwaso iyali muka zauna a unguwar Malam Inna, na kama gadi a wani kanti a Bolari. A nan na fara ganinsa. Wata safiya ya jingina tsani a bangon kantin, ruwan sabulu ya zubo a kan siminti, na ga ƙafar tsanin tana ja da baya a hankali. Na taso na taka ta, na tsaya har ya gama. Da ya sauko ya dubi inda ƙafar tsanin ta ja layi a ƙasa, ya dube ni.

"Bappa, tun yaushe kake nan?"

"Tun kana taga ta biyu."

"Ka kasa ce mini in sauko?"

"Kana aiki."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce irina yake nema, wanda ba ya surutu kuma ba ya gajiya da tsayuwa. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya, shi ya sa yake ce mini Bappa. Ni kuma bayan mun saba na koma kiransa Baban Christy, da sunan 'yarsa tilo.

Aikinsa yana da tsari, kuma ba ya son a taɓa masa shi. Ba ya wanke gilashin da rana take duka, ya ce rana na shanye ruwan kafin hannu ya kai, ta bar zane. Don haka inuwa muke bi, da safe bangon yamma, bayan azahar bangon gabas. Omo kaɗan yake sawa, abin da yatsa uku suka ɗauka. Ya bi da jiƙaƙƙen tsumma daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauraye, sannan ya dunƙule tsohuwar jarida ya goge har sai gilashin ya yi kuka a ƙarƙashin hannunsa. In bai ji wannan kukan ba, bai gama ba. Kafin ya hau, yakan tsaya yatsun ƙafarsa a gindin tsanin, ya miƙa hannu. In tafinsa ya sauka daidai kan matakin da ke saitin kafaɗarsa, tsani ya zauna. In bai kai ba, ko ya wuce, sai mu sake.

Ni doka ɗaya ya kafa mini. Muddin ƙafarsa na sama, ba na sakin tsani, ko wa ya zo. Wannan doka ta ja mini magana a gari, don mutum ya miƙo maka hannu ka bar shi a iska ba ƙaramin abu ba ne. Wata rana mahaifin mijin 'yata Hanifa ya biyo ta unguwar Madaki ya gan ni, ya ƙaraso da fara'a ya miƙo hannu biyu. Na sunkuyar da kai ina ta amsa gaisuwa da baki, gumi na karyo mini. Sai Matiyu ya leƙo daga hawa na biyu.

"Alhaji, a yi mana haƙuri. Hannun nan na aro ne, in na sauko zan mayar masa."

Surukin nawa ya tsaya a rana har Matiyu ya gama taga uku, sannan muka gaisa. Har ya rasu yana ba da labarin nan.

Idan aka kira azahar, Matiyu saukowa yake ya zauna a inuwa ya ci abincinsa har in dawo. Ranar Lahadi ba ma fita. Ranar Juma'a da hantsi muke tashi. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba, haka kawai ya zama.

Da shekarun tashin hankali suka zo, komai na aikinmu ya yi nauyi. Aka jera ganguna da buhunan yashi a gaban manyan gine-gine. Ƙofar da muke shiga da sallama kawai, sai an leƙa bokitinmu, an zazzage buhun jarida. Muna tura tsani a amalanke, a tsayar da mu a shinge, a tambaye mu gidan wa za mu haura. Mutane kuma suka shiga manna salatif a gilashi, layi biyu a gicciye, wai ko bom ya tashi kada gilashin ya tarwatse ya yanki na ciki. Zafin Gombe ya dafa danƙon ya kama gilashi kamar fata. In mai gida ya gaji da ganinsa ya ce a cire, sai Matiyu ya yi ta bi da kananzir da reza, taga ɗaya ta ci masa rabin safiya. Bayan wata biyu a sake jin ƙara a wani gefen gari, a sake mannawa.

Ranar da abin ya same shi ba ma tare. Ya je tashar mota ne da hantsi zai ba direba saƙon magani ya kai wa yayarsa a ƙauye. Ya ba da saƙon, ya juyo, ya kusa bakin ƙofa, abu ya tashi a bayansa. Allah ya sa wata babbar mota ce tsakaninsa da wurin. Ba abin da ya yanke shi. Amma ya faɗi, kuma da na same shi a asibiti da la'asar akwai busasshen jini a kunnensa na hagu. Tun daga ranar kunnen bai ƙara ji ba. Bai taɓa ba ni labarin abin da ya gani a tashar ba, ni kuma ban tambaya ba.

Mako uku ya yi a gida, ya aiko in zo mu fita.

Wanda bai taɓa riƙe tsani ba ba zai gane ba, amma duk abin da ke jikin na sama yana saukowa ta katako ya shiga tafin hannunka. Na san ranar da Matiyu bai karya ba. Na san lokacin da zai miƙa hannu dama kafin ya miƙa. A ranar farko da ya koma, ya kai mataki na goma sha biyar, sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba. Tsanin ya yi nauyi a gefen hagu, ya tsaya cak, sannan wata 'yar rawa ta biyo, siririya, kamar ta jikin ɗan maraƙi da aka haifa yanzu. Na ɗaga kai. Ya rungume matakin da ke gabansa, goshinsa a jikin katako, tsumma na ɗiga. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ci gaba da aiki yana fito da baki kamar ba komai.

Jiri ne. Ba kullum yake zuwa ba, amma a mako sai ya zo sau biyu, sau uku. Na san wata rana zai zo masa hannunsa na miƙe, kuma a ranar riƙona ba zai yi amfani ba.

Ban faɗa masa ba. A yadda aka rene mu, ba ka duban babban mutum ka ce masa ƙarfinsa ya ragu, ko da ɗanka ne, balle wanda kake ci a ƙarƙashinsa. Kuma na san Matiyu. Matarsa ta rasu tun Christy na firamare, ba shi da gona a nan, ba ya zaman majalisa. In aka raba shi da tagogin nan ban san me zai rage masa ba. Sai na ƙara matse hannu, na riƙa karanta abin da na iya a zuci. Wata biyar muna haka.

Christy tana aikin jinya a Jos. Ita likita ya faɗa wa gaskiyar abin da ke kunnen mahaifinta, kuma ta yi masa magana ta waya har ta gaji. Gab da Ista sai ga ta da wata doguwar baƙar jaka. Ta tara mu a tsakar gidansu a Bolari ta buɗe. Sanda ce ta goran ruwa mai shiga cikin juna kamar eriyar rediyo, in an zare ta duka tana kai hawa na uku. A kanta akwai buroshi da roba mai share ruwa, ga siririn tiyo ya bi jikinta ya sauko zuwa wata jarka da ake goyawa, mai famfon hannu irin na feshin gona. Daga Legas ta sa aka kawo mata. Ba ta faɗi kuɗin ba, amma maƙwabcinsu ya ce mini ya kai na sabon babur, kuma na lura sarƙar mahaifiyarta da ba ta rabuwa da ita ba ta wuyanta.

"A shinge huɗu aka sauke ni saboda ita," in ji Christy. "A na bayan Alkaleri sai da na zare ta a bakin titi na wanke musu gilashin motarsu, sannan suka yarda ba bindiga ba ce."

Matiyu ya yi dariya, ya ɗauki sandar yana jujjuyawa, ina ganin ta fara shiga ransa. Sai yarinyar, cikin murna, ta ƙara da cewa:

"Ka ga, Baba, ba tsani, ba amalanke. Daga ƙasa za ka yi komai. Mutum ɗaya ma ya isa."

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba a lokacin. Amma na ga Matiyu ya daina jujjuya sandar. Ya gwada ta sau ɗaya a tagar ɗakinsa, ya matsa kusa ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ai susa ce, ba wanki ba. Dubi kusurwa. Gilashi sai da hannu."

Ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin gado. Washegari muka fita da tsani.

Kwana biyu bayan Ista, da yamma, Christy ta zo gidana. Ta gaishe da iyalina, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo fura ba ta sha ba. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Bappa, tambaya ɗaya zan yi, don Allah kada ka rufe ni. Yana yi masa a sama?"

Na sunkuyar da kai. Sannan na ce, "Yana yi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ta rufe fuska da gefen gyalenta. Da ta samu magana ta ce jiya sun yi faɗa irin wanda ba su taɓa yi ba. Ta matsa masa sai ya faɗi abin da sandar ta yi masa, tun da kusurwa ba dalili ba ce. Daga ƙarshe ya ce mata, "Ke da bakinki kika ce mutum ɗaya ya isa. To ɗayan fa? Tsohon nan ya bar gadi saboda ni. Yanzu wa zai ɗauke shi? In ce masa ya zauna a gida in riƙa aika masa, Bafillace ne, ba zai karɓa ba."

Wata biyar ina rufe baki don kada in raba shi da aikinsa, ashe shi kuma yana hawa sama da jiri don kada ya raba ni da nawa.

Washegari aikin benen Hajiya Saudatu ne, hawa uku, shagunan atamfa a ƙasa, ofisoshi a sama. Shi ne gini mafi tsawo a cikin waɗanda muke yi. Na sauke tsani daga amalanke, muka jingina, Matiyu ya auna da hannu, ya rataya tsumma a kafaɗa, ya sa ƙafa a matakin farko. Ni ina tsaye gefe, hannuwana a baya. Ya juyo da kunnensa mai ji.

"Bappa, yaya? Barci kake?"

"Baban Christy, ni fa na tsufa. Hannuna ya daina riƙo. Kwanan nan in na kama abu sai ya suɓuce."

Abin da na shirya tun a gida ke nan. Na ga gara laifin ya zama nawa.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Hannunka ya daina riƙo."

"Ya daina."

"Kai da ka sauke tsanin nan kai kaɗai yanzu, ina ɗaure takalmi?"

Na kau da kai wajen amalanke, ya ƙara da cewa:

"Yarinyar nan ta je wurinka."

"Ta zo gaisuwa."

"Gaisuwa." Ya cire tsumman ya sake ratayawa. "To ni zan hau. In ka ga dama ka riƙe, in ba ka ga dama ba ka yi kallo."

Ya hau. Mataki ɗaya, biyu, uku. A rayuwata ban taɓa yin abu mai wuya kamar tsayuwar nan ba. Hannuwana suna so su tafi da kansu, sai da na kama ɗaya da ɗaya a bayana. Na san in na taɓa katakon nan yau, zan ci gaba da taɓa shi har ranar da zai faɗo a gabana. Ya kai na biyar. Tsanin ya ɗan motsa a kan siminti, kaɗan, abin da ba wanda zai lura sai mu biyu. Ya tsaya. Bai duba ƙasa ba. Yaran shago sun fito suna kallo, ba su san me ake yi ba.

Na ce, da ƙarfi yadda zai ji, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, "Matiyu, ina jin sa a hannuna. Duk ranar da ya zo maka ina ji."

Ya daɗe a wurin. Sannan ya sauko, a hankali, ya zauna a kan matakalar shago. Na zauna kusa da shi ta gefen dama.

"Wata biyar," in ji shi, "ka kasa buɗe baki."

"Kai ma ba ka buɗe ba."

"Ni ina sama, kai kana ƙasa. Na ƙasa ne ke magana."

"Ba ka sa wannan a doka ba."

Ya yi wata 'yar dariya, ya goge ido da tsumman aiki, omo ya shiga masa, ya yi ta zagin tsumman. Da ya lafa ya ce, "To kai fa?"

Na ce, "Mu ɗauko sandar tukuna mu gani."

Muka bar tsani a wurin mai gadin benen, muka hau keke napep muka ɗauko jakar. Kafin mu haɗa ta rana ta ɗaga, muka yi ta juya ƙarafa, ya sa buroshi a juye sau biyu. Ya goya jarkar, ya ɗaga sandar, ya ɗaga kai sama zai duba hawa na uku, sai ga shi yana tangaɗi da baya, nauyin ruwa na jansa. Na tare shi. Wanda ya ƙera abin nan bai yi shi don mai ciwon kunne ba.

Na kwance jarkar daga bayansa na ajiye a ƙasa, na kama famfon. Na ce kada ya ƙara ɗaga kai can sama, ya dubi bango daidai idonsa, ni zan ja baya gwargwadon tsawon tiyo in duba masa.

"Dama kaɗan. Sama. Tsaya nan, akwai kashin tsuntsu. Ƙara."

"Ya fita?"

"Saura."

"Ƙarya kake, Bappa, daɗin ba da umarni ka samu."

"Sai da na shekara saba'in na samu. Hagu."

Aikin da muke gamawa kafin la'asar ya kai mu gab da magariba, rigunanmu sun jiƙe sharkaf, don ruwan da ya hau sama a kanmu yake dawowa. Hajiya Saudatu ta fito za ta shiga mota, ta tsaya ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa.

"Matiyu, an ci gaba. Amma kusurwar can ta sama ba ta fita ba."

"Na faɗa musu, Hajiya. Ba wanda ya saurare ni."

Ya ɗauki jarida guda ya shiga cikin benen, ya bi matakala yana dafa bango har hawa na uku, ya roƙi masu ofis suka buɗe masa tagar, ya zuro hannu daga ciki ya goge kusurwar. Ina ƙasa ina naɗe tiyo.

Christy ta koma Jos da safe, ba ta ga wannan ba. A hanyar gida Matiyu ya ciro waya ya miƙo mini.

"Kai za ka faɗa mata. In ni na faɗa sai ta ce ta yi nasara."

"Ai ta yi."

"To ka faɗa mata haka, amma ka ce kusurwa ba ta fita."

Na kira ta, na faɗa mata duka biyun.